Kafin ku saƙa kunnen igiyar hawan bishiya

'Yan uwa masu hawa, idan za ku saƙa kunne, wato madaukin da ake yi a ƙarshen igiya, ku zaɓi basillar saƙa daidai kaurin igiyarku. Basilla mai rami tsawonta yakan kai ninki 21 na kaurin igiyar, kuma da ita ake auna inda za a sa alama. Idan igiyar matsattsiya ce, ku koma ga siririyar basillar waya, ita ce ke ratsa ciki ba tare da ta tsinka sili ba.

Kafin ku fara, ku shafa bakin basillar da yatsa. Kaushi kaɗan ya isa ya yagi zaren ciki, inda ido ba ya gani. Wannan shi ya fi damuna, tunda rai ake ratayawa. Almakashi ya zama mai kaifi, sannan idan kun gama ku ɗinke wuyan saƙar, wato inda kunnen ya haɗu da jikin igiyar, da zare mai kaki.