Yadda Ake Karatun Harajin Kamfanonin Haɗin Gwiwa a Matakin Digiri na Biyu a Amurka

Lauyoyin da ke son ƙwarewa a fannin haraji a Amurka sukan yi digiri na biyu da ake kira LL.M., wanda yakan ɗauki shekara guda ga wanda ya ba shi dukkan lokacinsa, kuma jami'o'in New York, Georgetown, Florida da Northwestern suna cikin waɗanda suka yi suna a kansa. Akantoci kuwa suna da nasu digirin na biyu a fannin haraji a makarantun kasuwanci. Ko ta wace ƙofa ɗalibi ya shigo, akwai darasin da zai tarar yana jiransa, wato harajin kamfanonin haɗin gwiwa, wanda dokokinsa ke tattare a Babin K na kundin harajin ƙasar, farawa daga sashe na 701. An shigar da wannan babi cikin kundin a 1954, kuma shekara goma kacal bayan haka, a shari'ar Foxman ta 1964, alƙali Raum na Kotun Haraji ya koka cewa sarƙaƙiyarsa tana gagarar har ƙwararrun da suka daɗe cikin aikin. Tun daga lokacin abin da aka ƙara a kansa ya ninka abin da yake kuka da shi.

Duk da haka darasi ne da ake iya koya, muddin an riƙe shi ta inda ya dace. A ganina babban abin da ke kayar da ɗalibai shi ne ƙoƙarin haddace sassan doka kamar yadda suka saba yi a wasu darussan, alhali wannan fanni da fensir da takarda ake koyonsa.

Kafin ka shiga aji, tabbatar harsashinka yana da ƙarfi. Ana sa ran ka riga ka san harajin kuɗin shiga na mutum ɗaya, musamman yadda ake lissafa riba idan an sayar da kadara, da bambancin da ke tsakanin ribar jari da kuɗin shiga na yau da kullum, da yadda ake rage ƙimar kadara saboda tsufa. Idan kai lauya ne da bai taɓa karanta ilimin akanta ba, ka ware wasu makonni ka koyi yadda ake tsara jadawalin kadarori da basussuka, domin ba tare da shi ba za ka riƙa jin bayanin malami ba ka ganin abin da yake nunawa.

Ka fara da ƙa'idar da komai ya ginu a kanta. Kamfanin haɗin gwiwa ba ya biyan harajin kuɗin shiga da kansa. Yana lissafa ribarsa, ya cike fom 1065, wanda ga kamfanin da ke bin shekarar kalanda wa'adinsa 15 ga Maris ne, sannan ya ba kowane aboki, wato mai kaso a kamfanin, takardar K-1 mai nuna kasonsa, shi kuma abokin ya biya haraji a kan wannan kaso ko da ba a ba shi ko sisi a hannu ba. Daga nan ne tambayar da za ta bi ka har ƙarshen zango take tasowa: a wannan sashen, doka tana kallon kamfanin a matsayin abu mai zaman kansa ne, ko kuwa a matsayin taron mutanen da kowannensu ya mallaki wani yanki na kowace kadara? Babin K yana ɗaukar wannan a wani wuri, ya ɗauki wancan a wani wuri. Duk sashen da ka karanta, ka rubuta a gefensa wanne ya ɗauka. Ka kuma sani cewa tun daga 1997 kamfanin LLC, wato wanda masu shi ba sa biyan basussukansa daga aljihunsu, idan yana da mambobi biyu ko fiye, yana faɗawa ƙarƙashin wannan babi kai tsaye, sai fa idan ya zaɓi a ɗauke shi a matsayin kamfanin hannun jari, wanda hakan ya sa darasin ya shafi harkokin gine-gine, asusun zuba jari da dubban ƙananan sana'o'i.

Al'adar da ta fi kowace muhimmanci ita ce riƙe lambobi uku a kowace matsala. Ta farko ita ce tushen waje, wato adadin da doka ta amince aboki ya riga ya biya haraji a kansa a cikin kasonsa. Ta biyu ita ce tushen ciki, wato irin wannan adadi da kamfanin yake da shi a kan kowace kadararsa. Ta uku ita ce asusun jari, wanda ke nuna abin da abokin zai samu idan an rushe kamfanin an sayar da komai a kan ƙimar da ke littafi. Bayan kowace mu'amala, ko zuba kadara ce, ko riba, ko rance, ko fitar da kuɗi, ka sake zana jadawalin ka ga yadda kowace lamba ta motsa.

Ga misalin da ya kamata ka yi da hannunka. Mutum biyu sun haɗa gwiwa rabi da rabi. Ɗaya ya kawo fili da ya saya a kan dala 40,000 amma yanzu ya kai dala 100,000, ɗayan ya kawo tsabar kuɗi dala 100,000. Sashe na 721 ya ce babu haraji a ranar zubawa. Asusun jarin kowannensu dala 100,000 ne, amma tushen wajen mai fili dala 40,000 ne, na mai kuɗi kuwa dala 100,000, sannan tushen cikin filin ya tsaya a dala 40,000. Tun a nan ka ga akwai ribar dala 60,000 da ke kwance a cikin filin, kuma sashe na 704(c) ya wanzu ne don kada a ɗora wa mai kuɗi harajin ribar da ta taru kafin ya zo. Idan kamfanin ya sayar da filin a kan dala 120,000, ribar littafi dala 20,000 ce, kowa ya ɗauki 10,000. Ribar haraji kuwa dala 80,000 ce: mai fili ya ɗauki 60,000 ɗin farko da kuma 10,000, mai kuɗi ya ɗauki 10,000. Idan ka sabunta jadawalin za ka tarar tushen waje da asusun jarin kowannensu sun haɗu a dala 110,000, kuma wannan haɗuwa ita ce shaidar cewa lissafinka ya yi daidai.

Yanzu sai ka sauya lamba ɗaya, ka ce an sayar da filin a kan dala 80,000. A littafi an yi asarar dala 20,000, kowa ya rasa 10,000, amma a idon haraji riba ce ta dala 40,000, kuma dukkanta ta mai fili ce. Mai kuɗi ya yi asara ta gaske, sai dai babu wata asarar haraji da kamfanin zai ba shi, domin ba a raba abin da babu shi. Wannan gejin ne ya haifar da hanyoyi uku da ƙa'idar Ma'aikatar Baitulmali mai lamba 1.704-3 ta amince da su: a bar giɓin yadda yake, ko a cike shi da wasu kuɗin shiga ko ragin da kamfanin yake da su, ko kuma a ƙirƙiri asarar dala 10,000 ga mai kuɗi da ribar dala 10,000 ga mai fili. Ka lissafa misalin ta hanyoyin uku, sannan ka maimaita shi da na'ura mai tsufa a madadin fili, domin a nan ne zaɓin hanya yake zama abin da abokan ke ciniki a kansa kafin su sa hannu.

Bayan wannan sai bashi, wanda sashe na 752 ya tsara. Idan kamfanin ya ci bashin dala 60,000 kuma abokan biyu sun ɗauki nauyinsa daidai, tushen wajen kowannensu zai ƙaru da dala 30,000, asusun jarinsu kuwa ba zai motsa ba. Idan kason aboki a bashin ya ragu, doka tana ɗaukar hakan kamar an ba shi tsabar kuɗi, kuma idan adadin ya wuce tushensa sai ya biya haraji a kan kuɗin da bai taɓa riƙewa ba. Domin sanin wanda ke ɗauke da nauyin bashi, ƙa'idoji sun ce a ƙaddara cewa duk kadarorin kamfanin sun zama banza, basussuka sun zo wa'adi, sannan a duba wanda zai sa hannu a aljihunsa. Bashin da mai ba da shi ba shi da abin kamawa sai jingina yana da nasa tsarin daban, kuma ba za ka fahimce shi ba sai ka koma ga hukunce-hukunce biyu na Kotun Ƙoli, wato Crane na 1947 da Tufts na 1983. Shari'ar Tufts ta taso ne daga wani kamfanin haɗin gwiwa da ya gina gidajen haya a jihar Texas, kuma kotu ta yanke cewa dukkan bashin yana shiga cikin kuɗin sayarwa ko da ya fi ƙimar ginin.

Wurin da ya cancanci mafi yawan lokacinka shi ne sashe na 704(b). Abokai suna da 'yancin raba riba da asara yadda suka ga dama, amma hukumar haraji ta IRS ba za ta mutunta rabon ba sai ya kasance yana da tasiri na gaske a aljihunsu. Ƙa'idojin sun gindaya sharuɗɗa uku: a riƙe asusun jari yadda aka tsara, a raba dukiya bisa wannan asusu ranar rushewa, sannan wanda asusunsa ya faɗi ƙasa da sifili ya cike giɓin daga aljihunsa. Da yake masu zuba jari ba sa son sharaɗi na uku, an samar da wani gwaji na madadin da ke tilasta a ba irin wannan aboki kuɗin shiga cikin gaggawa har asusunsa ya farfaɗo. Kada ka karanta waɗannan ƙa'idoji daga farko zuwa ƙarshe kamar labari. Ka nufi misalan da ke ƙarshensu, ka rufe amsar, ka lissafa da kanka, sannan ka dawo ga rubutun domin ganin jumlar da ta haifar da sakamakon. Misalan Ma'aikatar Baitulmali sun fi yawancin littattafan taƙaitawa amfani, kuma daga irinsu malamai ke gina tambayoyin jarrabawa.

Sauran sassan za su zo da sauƙi idan lambobin uku sun zauna a hannunka. Wanda ya sayi kashi ɗaya cikin uku na kamfanin da kadararsa ta kai dala 300,000 amma tushenta 150,000 ne zai biya dala 100,000, alhali kasonsa na tushen ciki 50,000 ne kawai. Zaɓin da kamfanin zai iya yi ƙarƙashin sashe na 754 shi ke ba shi ƙarin dala 50,000 a tushen ciki, nasa shi kaɗai, kuma ba a janye wannan zaɓi sai da amincewar IRS. Gyaran yana zama dole ko ba a zaɓa ba idan asarar da ke kwance a kadarorin ta wuce dala 250,000. Sashe na 751 yana hana a mayar da kuɗin shiga na yau da kullum, irin su hajar sayarwa da basussukan da ba a karɓa ba, su koma ribar jari ta hanyar sayar da kaso. Akwai kuma wa'adodi da dole ka riƙe a ka: shekara biyu ga zuba kadara da karɓar kuɗi da ake zaton sayarwa ce a ɓoye, shekara bakwai ga sassa na 704(c)(1)(B) da 737, waɗanda suka shafi fitar wa wani aboki kadarar da aka zuba, ko fitar wa wanda ya zuba ta wata kadara daban, da shekara uku ga ribar masu kula da asusun zuba jari ƙarƙashin sashe na 1061.

Ka kula da shekarar kowane littafi ko hukunci da ke hannunka, domin dokar ta sauya a wurare masu nauyi. Dokar haraji ta 2017 ta soke ƙa'idar da ke ɗaukar kamfani a matsayin wanda ya rushe idan an sayar da rabin kasonsa ko fiye cikin wata goma sha biyu, ita ce kuma ta kawo sashe na 1061 da ragin kashi 20 cikin ɗari a kan wasu kuɗin shiga na kasuwanci ƙarƙashin sashe na 199A. Dokar kasafin kuɗi ta 2015 ta maye gurbin tsarin binciken haraji na 1982 da sabo, wanda ya fara aiki a shekarun haraji da suka biyo bayan 2017, inda IRS take iya karɓar harajin da aka gano daga kamfanin kansa, kuma wakili ɗaya ne yake da ikon ɗaure kowa da maganarsa. Kamfanin da ba ya fitar da takardun K-1 fiye da ɗari yana iya ficewa daga tsarin idan duk abokansa suna cikin rukunin da doka ta yarda da su.

Tun tsakiyar zango ka nemi samfurin yarjejeniyar haɗin gwiwa ka karanta shi tare da kundin doka a buɗe. Za ka lura cewa yarjejeniyoyi da yawa na wannan zamani suna fara tsara jerin waɗanda za a biya da adadin da kowa zai karɓa, sannan su umarci akanta ya raba riba da asara ta yadda asusun jari zai dace da wannan jeri. Ka ɗauki kowace sakin layi ka gano sashen ƙa'idar da aka rubuta ta dominsa, ka kuma gwada ta da lambobi na shekara mai riba da shekara mai asara.

A ɗakin jarrabawa, tambaya ɗaya takan ƙunshi mu'amaloli da dama a jere, kuma kuskure a ta farko yakan bi sauran. Saboda haka ka zana jadawalin farko kafin ka rubuta ko da jumla ɗaya, ka nuna kowane mataki da lambar sashensa, ka kuma bi tsarin da doka ta shimfiɗa a cikin shekara guda: a ƙara kuɗin shiga a kan tushe, a cire abin da aka fitar wa aboki, sannan a duba ko sauran ya isa ɗaukar asara. Asarar da ta tsallake wannan gwaji na sashe na 704(d) tana da sauran shingaye a gabanta, wato sashe na 465 kan abin da mutum ya sa cikin haɗari, da na 469 kan harkar da ba ya shiga aikinta, sannan na 461(l) kan asarar kasuwanci da ta wuce iyakar da doka ta sa, kuma a wannan jeri ake gwada su.