Yadda za ka dawo da hankalinka in tunani ya tafi da kai

Wallahi abin nan yana damun mu da yawa, kana zaune a shago ko kan sallaya amma zuciya ta tafi can bashin bara, ko kuɗin makarantar yara na wata mai zuwa. Ga yadda nake yi.

Da farko ka kife waya, ka zauna, tafin ƙafa a ƙasa. Ka ce a ranka wannan na jiya ne, ko wannan na gobe ne. Kar ka yi kokawa da shi, in ka kore shi da ƙarfi dawowa yake.

Sai numfashi, nan fa aikin yake. Ja ta hanci kana ƙirga 4, ka sake shi a hankali har 6, fitarwar ta fi tsawo don ita ke sa bugun zuciya ya lafa. Yi sau 10, ba gaggawa.

Daga nan ka lura da inda kake. Ni a Ƙofar Ƙaura nake nan Katsina, ina jin hon ɗin masu Keke Napep, ga ƙamshin tsire, ga sanyin ruwan buta a hannuna. Lissafo uku naka.

In ya sake zillewa, kuma zai zille ɗin, ɗauki carbi ka ja tasbihi 33 kana jin kowace ƙwaya a yatsanka.