Yadda za a bi sawun ciwon fargaba a yaro har ya girma

Ciwon fargaba yakan canja kama yayin da yaro ke girma. Ɗan firamaren da ke ƙanƙame mahaifiyarsa a ƙofar makaranta, kullum da safe cikinsa na ciwo, shi ne gobe ɗan sakandaren da muryarsa ke rawa in malam ya ce ya tashi ya ba da hadda. Tsoron rabuwa da iyaye yakan fara da wuri, tsoron shiga mutane wajen shekara 13, firgitar da ke zuwa farat ɗaya da bugun zuciya da sarƙewar numfashi kuwa ta fi bayyana bayan balaga.

A wani bincike da aka buga a Amurka a 2008, an yi wa yara 488 magani. Cikin waɗanda aka haɗa wa zaman gyaran tunani (zama da ƙwararre da ke koya wa yaro sauya tunaninsa da tunkarar abin tsoro) da ƙwayar sertraline, kashi 81 cikin ɗari sun samu sauƙi. Da aka bi sawun 319 daga cikinsu shekaru bayan nan, kashi 22 ne suka zauna lafiya, kashi 48 ciwon na tafiya yana dawowa, kashi 30 bai sake su ba. Ke nan ko yaro ya ji sauƙi, aikin iyaye da saura.

A fara da rubutu. A sami ɗan littafi a riƙa sa kwanan wata, abin da ya tayar da fargabar, da ƙarfinta daga 0 zuwa 10. Idan tsoron rabuwa ya wuce mako 4, ko zullumi ya kai wata 6 yana hana barci da karatu, a kai yaron sashen lafiyar ƙwaƙwalwa na Asibitin Malam Aminu Kano ko asibitin Dawanau. Likita zai duba ko asma, ƙarancin jini ko matsalar maƙoƙo ce ke kawo alamun. Addu'a da tofi ba sa hana zuwa asibiti.

Babban abin da ke raya ciwon shi ne kaucewa, kuma yawanci tausayi ne ke jawo ta. Uwa ta ce "ku bar shi ya huta yau," yaro ya ji sanyi nan take, ƙwaƙwalwarsa ta riƙe cewa gudu ne ya cece shi. Gobe tsoron ya ninka. Maganin shi ne a tunkari abin tsoron mataki-mataki. Yarinyar da ba ta iya magana a gaban mutane, ta fara da gaishe da maƙwabciya, sannan ta sayo omo a shagon layi ita kaɗai, sannan ta karanta aya uku gaban ƙawaye biyu, daga baya gaban ajin Islamiyya. A maimaita kowane mataki har makin ƙarfin fargabar da ake rubutawa a littafin ya sauka kamar rabi kafin a hau na gaba. Duka da gori suna mayar da hannun agogo baya. A kula kuma, yarinya mai irin wannan ciwo sau da yawa yabonta ake yi da kunya, shi ya sa ake makara.

Zaman gyaran tunani yakan ɗauki zama 12 zuwa 16. Ƙwaya tana buƙatar mako 4 zuwa 6 kafin a ga aikinta, ana ci gaba da ita kusan shekara bayan sauƙi, kuma likita ne ke rage ta a hankali. Yanke ta rana ɗaya yana kawo jiri da dawowar ciwo. Kada a saya wa yaro diazepam a kemis. Jiki yana sabawa da shi.

Ciwon ya fi dawowa lokacin sauyi: shiga makarantar kwana, jarrabawar WAEC ko JAMB, rasuwa, rabuwar iyaye. Kafin irin waɗannan a ɗauko littafin, a sake bin matakan. Yaron da aka bari ba magani ya fi shiga haɗarin ciwon baƙin ciki, barin makaranta da shaye-shaye irin na tramadol. Idan ya daina cin abinci, ya ƙaurace wa abokai, ko ya ambaci gara mutuwa, musamman a makonnin farko na shan ƙwaya, a kai shi asibiti a ranar.