Kurakuran da ke kashe amfilifaya da sifikokin gida

Yawancin amfilifayar da ake kaiwa wurin gyara ba tsufa ne ya kashe ta ba, mai ita ne. Na gaji da jin "haka kawai ta ɗauke", alhali da an kwance murfi za a ga komai a fili: fis da aka naɗe da waya, taransistar da ta yi baƙi, ƙura ta kwanta kamar bargo.

Wuta ce ta fi yin ɓarna. Kayan sautin da ake sayarwa a nan an yi su ne don volt 220 zuwa 240, amma kowa ya san yadda NEPA take. In an ɗauke wuta sai a bar komai a kunne a fita, in ta dawo da ƙarfi, amfilifaya ce ke fara shan duka. Ni ka'idata ita ce, da an ɗauke a kashe amfilifaya a kashe soket, in an kawo a jira minti biyu ko uku tukuna. Mai sitabilaiza ya danna maɓallin jinkirin nan da mutane ke kashewa saboda gajen haƙuri, don wannan aikin aka sa shi. Sitabilaiza mai ƙarfin VA 1000 ta ishi ƙaramin saitin falo, amma kada a haɗa ta da firji ko dutsen guga.

Janareta ma haka. A tayar da shi, a bari ƙararsa ta daidaita, sannan a jona kayan sauti, kuma a cire su kafin a kashe shi. Lokacin da mai ya kusa ƙarewa, inji yana shaƙewa yana farfaɗowa, ƙwan ɗaki yana lumshewa yana haskawa, wannan hawa da saukar ne ke cinye sashen wutar amfilifaya. Da ka ji inji ya fara haka, amfilifaya za ka fara kashewa kafin ka nemi jarka.

Sai maganar fis, wadda ita ce ta fi ɓata min rai. Fis ya ƙone, maimakon a sayi wani na 'yan kuɗi kaɗan, sai a naɗe shi da silin waya ko takardar azurfar kwalin taba. Malam, fis ɗin nan ya mutu ne don amfilifayarka ta rayu! Ka mayar da shi waya, sai tiransifoma ta ƙone a madadinsa, wani lokacin har da labule da kujera. A jikin ƙarfen fis akwai rubutu, misali T2A 250V. Harafin T na nufin mai jinkirin ƙonewa, 2A kuma ƙarfinsa. Irinsa sak za a saka, ba wanda ya fi shi ba. In sabon ya sake ƙonewa nan take, to ciwon yana ciki, a tsaya a kai wa mai gyara. Kada kuma a ce ai an zare filogi a tura hannu ciki. Manyan kafasito, wato ma'ajiyar wutar da ke ciki, suna riƙe caji bayan an kashe, a sashen wutar sababbin na'urori yana haura volt 300.

Wanda ya sayi gwanjo ya karanta bayanta kafin ya jona. Kayan Amurka volt 120 ne, na Japan 100. Daƙiƙa ɗaya a soket ɗinmu ta isa ta tashi hayaƙi. In akwai makunnin zaɓin volt a baya a mayar da shi 220 ko 240, in babu a nemi tiransifomar rage wuta mai wat ninki biyu na abin da aka rubuta.

Kuskure na biyu da ya cancanci faɗa shi ne jibga sifikoki. Biki ya zo, an aro sifika biyu a maƙwabta, an murɗe wayoyinsu duka a baki ɗaya, ana murna sauti ya ƙaru. A bayan kowace amfilifaya an rubuta mafi ƙarancin ohm, wato ma'aunin turjiyar da sifika ke yi wa wuta, da za ta ɗauka, galibi 4, 6 ko 8. Sifika biyu masu ohm 8 in aka haɗa wayoyinsu ja da ja, baƙi da baƙi, sun koma ohm 4. Uku sun koma ƙasa da 3. Duk sa'ad da ohm ya yi ƙasa da abin da aka rubuta, amfilifaya na jan wuta fiye da ƙarfinta, ta yi zafi, taransistocin fitar da sauti su tafi. In dole sai an ƙara, a jera su: baƙin ta farko ya shiga jan ta biyu, masu ohm 4 guda biyu sai su ba da 8. Kuma a murza bakin waya da kyau, sili ɗaya da ya karkace ya taɓa ɗan'uwansa ya isa ya kashe gefe guda.

Mutane suna zaton babbar amfilifaya ce kaɗai ke ƙona sifika. Ƙarama da aka ƙure ma tana yi, musamman tuwita, ƙaramar sifikar siririn sauti. In murya ta fara tsagewa, ganga ta koma kamar ana buga kwali, amfilifaya ta kai iyakarta, abin da take turawa zafi ne kawai cikin siririn kwayil. A rage nan take. Ni ba na wuce rabin maɓallin ƙara, kuma ba na ƙure bas. Wat 5000 PMPO, wato ƙarfin ƙiftawar ido, da ake mannawa a kwali talla ce, lambar RMS, wato ƙarfin da take iya bayarwa a kai a kai, ita ce abin dubawa.

In bas ya yi rauni bayan an sake jona wayoyi, wataƙila an juya wayoyin sifika ɗaya. A taɓa batir mai volt 1.5 a wayar babbar sifika na ɗan lokaci, kan batir mai alamar + a jar waya: faifan sifikar ya turo waje. In ya shige ciki, a sauya. Ba a yi wa tuwita wannan gwajin.

Amfilifaya ita ake kunnawa ƙarshe, ita ake fara kashewa, kuma ba a zare ko cusa wayar sauti tana kunne. Kyallen adon da ake lulluɓa mata yana toshe ramukan iska, a cire shi in tana aiki, a bar mata kamar taƙi guda sama. Da hunturu a riƙa share ramukan da busasshen burushin fenti, filogi a zare. Maɓallin da ke ƙarƙara feshin wanke kayan lantarki yake so, ba kananzir ko man keke ba. Hadari in ya haɗo a zare filogi da wayar dish, sitabilaiza ba ta tare tsawa. Batirin rimot da ya daɗe yana zubar da ruwa ya cinye sifirin.

Kunne kuwa ba shi da mai gyara. Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa iyakar desibel 80 (ma'aunin ƙarfin ƙara) na awa 40 a mako ga babba, kuma kowane ƙarin desibel 3 yana raba lokacin biyu. In sai ka ɗaga murya kafin wanda ke kusa da kai ya ji ka, ko kunnenka yana ƙugi bayan an kashe, ƙarar ta yi yawa, balle ga jaririn da aka kwantar kusa da sifika.