Kurakuran masu haɗa ƙananan tankokin yaƙin Birtaniya

Na gaji da ganin ƙaramin samfurin roba na tankar Matilda II an shafe ta da shuɗi kamar motar haya. Sabon shiga zai buɗe kwali, ya kalli hoton da ke bayansa, ya hau fenti. Alhali tsarin fentin ɓad-da-kama na Caunter, wanda sojojin Birtaniya suka yi amfani da shi a hamadar Masar da Libiya a 1940 da 1941, kala uku ne: ruwan yashi, toka-toka mai ɗan kore, da toka mai duhu. Babu shuɗi a ciki. Haka kore ma, ba kowanne ba ne. Tankar Cromwell ta yaƙin Normandi a Faransa a 1944 koren zaitun take ɗauka, wato fenti mai lamba SCC 15. Kafin nan ruwan ƙasa ne, SCC 2. Kore mai duhu mai sheƙi na tankar Centurion ne bayan Yaƙin Duniya na Biyu. Ni sai na tsayar da shekara da fagen daga kafin in taɓa burushi.

Amma gam shi ne babban abin da ke ɓata mini rai, domin ya taɓa cinye mini tankar Churchill guda ta ma'aunin 1/35, wato kashi ɗaya cikin 35 na tsawon ta gaske. Gam ɗin roba narkar da robar yake yi. Churchill kuwa ƙananan tayoyi jeri 11 gare ta a kowane gefe. Ka matsa bututun gam a kansu, su yi laushi, su karkace, sannan ka danna da yatsa, shatinsa ya zauna daram a jikin sulke. Haba ɗan'uwa, gaggawar me kake yi? Ka gwada haɗa kowane yanki ba gam tukuna. In ya zauna, ka ɗiga mai ruwa-ruwa irin Tamiya Extra Thin a bakin haɗin, zai bi tsagar da kansa. Ni ina jera tayoyin a kan gilashi su kwana, don su daidaita.

Kada ka murɗe yanki daga jikin firam ɗin robar da yake zuwa a maƙale da shi, yanka shi ka goge da sanfefa. Duba inda sarƙar da tanka ke tafiya a kanta ta fuskanta kafin ka liƙa. Ta Cromwell kwanciya take a kan manyan tayoyi biyar ɗin, kada ka ɗaure ta tamau. Sitika kuma a kan fenti mai sheƙi ake ɗora ta, in ba haka ba gefenta ya yi fari.

Tsatsa kuwa, a rage don Allah. Tankar da ke bakin daga ƙura da taɓo ne a jikinta.