Aikin nesa da baƙin ƙasashe: sababbin zuwa, ku daina cewa "to" kawai

Samun aikin da ake yi daga gida ba shi ne wahalar ba, 'yan'uwa. Yaranmu suna da ƙwaƙwalwa, kuma raina yana fari idan na ga sunan namu cikin ma'aikatan da suka watsu a Jamus, Indiya da Amurka. Manhajojin tattaunawar aiki irin su Slack da Teams kuwa, nan da nan za ka saba.

Abin da ke kayar da sabo shi ne shiru. Shugaba ya yi bayani a taron bidiyo na Zoom, rabi ya wuce ka, nauyin baki ya hana ka tambaya, ka ce to. A ofis, wani zai dubi fuskarka ya gane ka ruɗe. A intanet ba mai ganinka, kowa ya ɗauka aiki na tafiya, sai ranar miƙawa asiri ya tonu. Wani ƙanena ya maƙale don ba a buɗe masa wata ma'ajiyar fayiloli ba, ya zauna yana jira wai kada ya dami mutane. Da aka gano, ba wanda ya ce bai iya aiki ba, laifin ɓoyewa aka ɗora masa. Na yi masa faɗa ƙwarai, don abin ya ba ni haushi. In ka maƙale, rubuta a ranar: ga abin da na gwada, ga inda na tsaya, ga abin da nake buƙata. Bayan kowane taro ka aika gajeren saƙo da abin da ka fahimci an ɗora maka da ranar miƙa shi, a gyara maka tun ba a yi nisa ba.

Kada ka aika gaisuwa ita kaɗai ka jira amsa. Abokin aikinka na Kalifoniya a Amurka yana barci; haɗa gaisuwa da tambaya a saƙo ɗaya.

Agogo ma tarko ne. Galibin Amurka tana tura nata gaba da awa ɗaya ranar Lahadi ta biyu a Maris, galibin Turai sai Lahadin ƙarshe na watan, don haka tsakanin nan tazarar Landan da New York awa 4 ce maimakon 5. Indiya ba ta canzawa. Ba'amurke ya rubuta 03/04, 4 ga Maris yake nufi. Baturen Ingila, 3 ga Afrilu. Rubuta sunan watan.

Bajamushe ko ɗan Holan zai iya ce maka kai tsaye aikinka da gyara a gaban kowa. Kada ka riƙe shi a zuci. Na Ingila kuwa yakan lulluɓe ƙi cikin yabo, sai ka tambaye shi a fili: in ci gaba ko in sake?