Runner2 ba ya cutar kowa: kurakuran da sababbin shiga suka fi yi

Na gaji da jin magana ɗaya daga bakin samarinmu na Jidda da Makka. Yaro zai karɓi hannun gem a istiraha, wato gidan shaƙatawa da ake haya, ranar Alhamis da daddare, ya buga Runner2 na ɗan lokaci, ya yi ta karo da shinge, sai ya ajiye ya ce wasan cuta yake yi. Wani kuma ya ce ai wasan yara ne, Runner na farko ya fi shi. Duka biyun ba su buga shi yadda aka gina shi ba.

Ga wanda bai san shi ba: kamfanin Gaijin Games na Amurka ne ya fitar da shi a 2013, ci gaban Bit.Trip Runner na 2010. Jarumin wasan, wani ɗan baƙin mutum mai suna CommanderVideo, shi yake gudu da kansa, ba ka da ikon tsayar da shi. Naka shi ne tsalle, sulalewa ƙasa, hauri, da tare abu da garkuwa. Muryar mai ba da labarin ciki ta Charles Martinet ce, wanda ya daɗe yana yi wa Mario murya.

Babban kuskure, wanda ya fi ƙona mini rai, shi ne wasa da ido kawai. Na san dalili. A gidajenmu da yawa ba a son jin kiɗa yana tashi daga ɗaki, Baba na falo, Hajiya na lazimi, sai yaro ya kashe sauti gaba ɗaya. To ka kashe rabin wasan. Kowane shinge da ka tsallake, kowane zinare da ka ɗauka, sauti yake bayarwa, kuma an jera su ne a kan bugun kiɗan matakin. Kunne yana riga ido sanin lokacin danna maɓalli. Wanda ya toshe kunne sai ya riƙa jira ya ga abu kafin ya motsa, kuma a duniya ta huɗu da ta biyar cikin duniyoyi biyar da aka kasa matakan wasan, kafin ka gani ka yanke shawara an riga an buge ka.

Sai ka ce to bari in sa iyafis. Madalla, amma wane iri? Nan ne ni kuɗina suka tafi. Na daɗe ina bugawa da iyafis na Bluetooth, ina danna tsalle daidai kan kiɗa, mutumina yana afkawa rami. Na ɗora wa hannun gem ɗina laifi, na je kasuwa na zuba riyalolin da na tara na sayo sabo, aka koma gidan jiya. Ashe sautin Bluetooth ba ya isowa kunne nan take. Jinkirin yana iya kai kashi ɗaya cikin biyar na daƙiƙa, kuma a wasan kiɗa wannan ya isa ya sa kowane dannawa ya zo a makare. Tun daga nan iyafis mai igiya kawai nake sawa, ko da na riyal goma ne. Talabijin ma tana da nata jinkirin, saboda manyan talabijin na yanzu sai sun gyara hoto kafin su nuna shi. Shiga saitin hoto ka kunna yanayin wasa, wanda a jerin Larabci aka rubuta wad'ul al'ab. Wallahi rabin masu cewa wasan na cuta, da sun yi waɗannan biyun da sun yi shiru.

Kuskure na biyu shi ne girman kai a wurin zango, wato wurin da ake mayar da kai in ka faɗi maimakon farkon mataki. A na 2010 babu zango ko ɗaya: ka yi kuskure dab da ƙarshe, a mayar da kai farkon mataki. Da Runner2 ya zo da zango a tsakiyar mataki, tsofaffin 'yan wasa suka yi ta ƙorafi wai an lalata shi, an mai da shi na ragwaye. Alhali masu wasan sun bar ƙofa a buɗe: kana iya tsallake zangon ta sama, a ba ka ƙarin maki, amma in ka faɗi ka koma farko. Wannan na wanda ya haddace matakin ne. Kai da ka fara jiya, me ya kai ka? Na ga wani ƙanen abokina yana tsallake zango a matakin da bai taɓa ganin ƙarshensa ba, don kawai kar a ce masa rago. Har aka kira sallar asuba yana maimaita rabin farko, ya iya shi kamar sunansa, rabi na biyu kuwa bai san kamanninsa ba. Na ce masa, ƙanena, wa kake burgewa? Ni tsarina ba na tsallake zango sai na gama mataki sau biyu a jere ba karo. Ba doka ba ce, ɗabi'ata ce, amma ba ta taɓa sa ni jifa da hannun gem ba.

Kwaɗayin zinare ma haka. In ka kwashe duka, za a saka ka a igwa a harba ka zuwa wani faifai, in ka sami tsakiyarsa ka ci cikakken sakamako. Bar wannan sai zagaye na biyu. Abin da ya cancanci ka bi tun farko shi ne jajayen alamun tarawa (+), domin kowace ɗaya tana ƙara wa kiɗan kauri, bugun ya ƙara fitowa fili, wasan ya ƙara sauƙi a kunne.

Kar ka zuba wa CommanderVideo ido. Kalli gefen dama na allo, inda abubuwa ke fitowa. Tsalle iri biyu ne, taɓawa da riƙewa, kuma riƙewa tana sa ka ɗan jima a sama, don haka daina matse maɓalli a kan ƙananan matakala. Akwai maɓallin sa shi rawa, tana ba da maki, amma sai a fili mai faɗi, ba tsakanin shinge biyu ba. In an kira salla, dakatar, kuma in ka dawo ka sake matakin daga zango maimakon ka ci gaba a tsakiyar bugu, don kunnenka ya riga ya huce.

Game da matakan wahala uku, nan na saɓa da abokaina. Su suna tura sabon shiga kan mafi sauƙi. Ni na tsakiya nake ba shi, saboda mafi sauƙin yana cire shingaye da yawa, kiɗan ya zama da giɓi, yaro ya saba da kallo maimakon saurare.

Masu farawa da Runner3 na 2018 don sun gan shi a na'urar gem ta Nintendo Switch kuma sun ji shi ne sabo, ku dakata. Matakansa sun fi tsawo, an ƙara tsalle biyu a sama, ga ababen hawa, ga kyamara mai juyawa tana sauya maka kusurwa kana tsakiyar gudu. Mutane da yawa da suka so na biyun sun koka da wahalarsa. Gama duniyoyi biyar na Runner2 tukuna, a matakin wahala na tsakiya, da iyafis mai igiya, sannan ka zo mu yi musu a kan wanne ya fi.